Matuƙin jirgi mai ƙarancin awoyi: hanyoyin samun aikin jirgin shata

Jirgin shata shi ne jirgin da kamfani, ƙungiya ko mutum ke ɗauka haya domin wata tafiya ta musamman, ba tare da jadawalin kullum ba. Kamfanonin haƙar ma'adinai, ƙungiyoyin agaji, masu yawon buɗe ido da masu kwasar marasa lafiya su ne manyan masu amfani da shi. Ga matashin da ya kammala makarantar tuƙi, nan ne sau da yawa ƙofar farko. Matsalar ita ce kamfanoni na neman gogagge, shi kuwa ba zai goge ba sai an ɗauke shi.

Abin da doka ta tanada

Bisa ƙa'idojin hukumar OACI ta duniya, takardar CPL, wadda ke ba matuƙi damar aiki da albashi, na buƙatar shekara 18 da awa 200 na tuƙi, ko awa 150 ga wanda ya bi cikakken tsarin makarantar da hukuma ta amince da ita. Cikinsu akwai tafiya guda ta aƙalla kilomita 540 tare da sauka a filaye biyu daban. Takardar ATPL ta manyan kyaftin kuwa sai da shekara 21 da awa 1500. Tsakanin awa 200 da 1500 ɗin nan ne yawancin matasa ke maƙalewa.

Ana kuma buƙatar takardar likita mai daraja ta 1, wadda ake sabuntawa duk wata 12, da shaidar iya Ingilishi na aikin jirgi mataki na 4 cikin 6. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya kamata ya ba wannan muhimmanci tun da wuri. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da takardun matuƙa, kuma wanda ya samo tasa a waje sai ta amince da ita kafin ya tuƙa jirgi mai rajistar ƙasar.

Me ya sa awa 200 ba ta isa

Doka na faɗin mafi ƙarancin abin da ake buƙata ne kawai. Kamfanin inshora da mai hayar jirgin kan sa nasu sharuɗɗa, waɗanda suka fi na doka tsauri. Jiragen UNHAS, da hukumar PAM ke gudanarwa tsakanin Yamai da garuruwa kamar Agadas, Damagaram da Difa, na kamfanonin da aka ba kwangila ne, kuma gogaggu suke nema. Ba yawan awoyi kaɗai ake dubawa ba. Awa ɗaya da matuƙi ya yi shi ne shugaban jirgi ta fi wadda ya yi yana ɗalibi daraja, haka ma awoyin dare, na tuƙi da na'urori cikin rashin gani, da na jirgi mai inji biyu.

Hanyoyin tara awoyi

Hanya mafi sanuwa ita ce koyarwa: matuƙi ya ƙara takardar malami, ya riƙa tara awoyi ana biyansa. Akwai kuma ɗaukar hoton ƙasa daga sama, kai masu lema, da zama mataimakin kyaftin. Garin Maun na Botswana, ƙofar dausayin Okabango, ya yi suna wajen ɗaukar sababbin matuƙa a ƙananan jirage kamar Cessna 206 mai kujera 6. Haka ma Namibiya da Tanzaniya. Sai dai ƙasashen nan na fifita ƴan ƙasa wajen ba da izinin aiki, don haka a binciki sharuɗɗan kafin a sayi tikiti.

Jirgin da ya fi dacewa a sani shi ne Cessna 208 Caravan, mai inji ɗaya samfurin PT6A. Yana shan kananzirin jirgi Jet A-1, wanda ya fi fetur ɗin ƙananan jirage samuwa a filayen Afirka, kuma yana sauka a filin da ba kwalta.

Abin da Sahel ke koyarwa

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji na rage ƙarfi, jirgi kuma na buƙatar fili mai tsawo kafin ya tashi. Wani lokaci dole a rage kaya ko fasinja. Ƙurar hunturu na toshe gani, damina kuma na zuwa da hadari mai ƙarfi. Matuƙin da ya iya lissafin nauyi da mai, kuma ya iya ce wa mai haya "yau ba za a tashi ba", shi kamfani ke riƙewa.

Neman aikin

Ƙananan kamfanoni sun fi ɗaukar wanda suka gani da ido. Ya kamata mai nema ya kai takardunsa da kansa ga shugaban matuƙa, shafi ɗaya, awoyi a rarrabe a sama. Karɓar aikin ƙasa, kamar tsara tafiye-tafiye ko lodin kaya, ba faɗuwa ba ne, domin idan kujera ta samu na kusa ake fara tunawa.

Abu uku ne za a kiyaye. Na farko, ƙara awoyin ƙarya a littafin tuƙi na iya jawo ƙwace takarda. Na biyu, tsarin da matuƙi ke biyan kamfani kuɗi domin a bar shi ya tuƙa kan bar mutum da bashi ba tare da tabbacin aiki ba. Na uku, yarjejeniyar da ke ɗaure matuƙi shekaru saboda kuɗin horo, a karanta ta sosai kafin sa hannu.

Iyaye su lura cewa makarantar EAMAC ta ASECNA da ke Yamai na horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da injiniyoyi ne, ba matuƙa ba. Makarantar tuƙi sananniya a kusa ita ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Akwai wasu a Habasha da Afirka ta Kudu. Duk inda aka zaɓa, a ware kuɗin sabunta takardu na lokacin jiran aiki, domin takardar da wa'adinta ya ƙare ba ta samar da kujera.