PlayStation: Daga Ɗaki Zuwa Dandali

Asalin na'urar wasan nan da ake kira PlayStation ɓatawa ce tsakanin kamfanoni biyu na ƙasar Japan. A 1988 Nintendo da Sony suka ƙulla yarjejeniyar ƙera na'ura mai aiki da faifan CD. A watan Yuni na 1991 Sony ya bayyana ta a bainar jama'a a birnin Chicago. Washegari Nintendo ya ba da sanarwar ya koma wajen Philips na ƙasar Holan. Wannan cin fuska ne ya sa shugaban Sony, Norio Ohga, ya ba injiniya Ken Kutaragi izinin ci gaba da aikin, har na'urar ta fito ranar 3 ga Disamba, 1994. An sayar da fiye da miliyan 100. PlayStation 2 ta biyo baya a 2000, ta zarce miliyan 150; sauran kuwa suka zo a 2006 da 2013 da 2020.

Sirrin nasarar yana ga faifan. Buga shi ya fi ƙera kaset ɗin Nintendo araha nesa ba kusa ba, kuma kwafarsa ba wuya. Abin da ya zame wa Sony ciwon kai, watau satar fasaha, shi ne ya sauƙaƙa wa na'urar shiga kasuwannin Kano.

To, a nan ne tarihin ya sake hanya. Maƙeranta sun yi ta ne domin yaro ɗaya ko biyu a cikin ɗakin iyayensu. Amma a yammacin Kano, wajen Gwarzo da Kabo, balle ƙauye irin Dugabau, gida nawa ne ke da talabijin da tsayayyiyar wutar lantarki? Saboda haka a ƙasar Hausa ba ta zauna a ɗaki ba. Wani ya saya, ya haɗa da janareta da benci, ya buɗe gidan gem. Biyu na bugawa da kuɗinsu, goma na tsaye a kansu suna ba da shawarar da ba a nema ba. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ana dara ya san wannan tsari. Bambancin shi ne dara ba ta cin kuɗin mai, ba a kuma cika jin ta hana ɗalibi zuwa makaranta ba, kukan da iyaye suka daɗe suna yi da gidan gem.

Ƙwallon ƙafa ita ce ta riƙe gidajen. Nijeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma cikin 'yan wasan akwai Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya buga wa Ajax. Kamfanin Konami ya sa shi a wasansa na Winning Eleven da gudun da kusan babu mai kamo shi, har yaran Japan da Koriya da ba su san inda Kaduna take ba suka haddace sunansa.