Tambayoyin Zindiƙan Bagadaza da Sawun da Suka Bari a Littafin Tauhidi

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zauren malami ya ɗauki karatun tauhidi ya san yadda ake biya shi. Za a ce mana siffofi ashirin sun wajaba ga Allah, ashirin sun koru gare shi, ɗaya kuma ta halatta. Sa'annan a bi su da hujjoji: me ya nuna duniya fararriya ce, me ya nuna Mahalicci ɗaya ne, me ya nuna babu abin da yake tilas a kansa. Mukan haddace, mu wuce, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu wa ake ba wannan amsa ba. Ai hujja ba ta tashi haka kawai, sai in akwai mai musu. To, su wane ne masu musun? Wannan ita ce tambayar da za mu bi sawunta a wannan fitowa, kuma sawun zai kai mu ƙasar Iraƙi ta zamanin Abbasiyawa.

Lokacin da Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a shekarar 762, ƙasar ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Akwai Kirista da Yahudu da Majusawa, akwai kuma mabiya wani mutum mai suna Mani, wanda aka haifa a wannan yanki tun shekarar 216. Mabiya Mani sun ce asalin duniya biyu ne, haske da duhu, kuma dukansu ba su da farko. Abin da ya ba su ƙarfi a wajen muhawara shi ne wata tambaya da suka riƙa jefa wa masu kaɗaita Allah. Suka ce, in dai Mahalicci ɗaya ne, mai iko a kan kome, mai jinƙai kuma, to daga ina kunama ta fito, daga ina annoba, daga ina kukan jaririn da bai yi laifin kome ba? Ko dai yana so ya kawar da sharri bai iya ba, ko kuwa ya iya bai so ba. Su a ganinsu mafita ita ce a ce sharri yana da nasa tushe dabam. Waɗannan mutane aka fara kira zindiƙai, daga baya sunan ya faɗaɗa ya haɗiye duk wanda ake zargi da ɓoye shakka a cikin zuciya.

Hukuma ta fara amsawa da takobi. Halifa Mahadi, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, ya naɗa jami'i na musamman wanda ba shi da wani aiki sai farautar zindiƙai. A cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Bashshar ɗan Burdu, makahon mawaƙin Basra, wanda aka yi wa bulala har ya mutu. Sai dai ya kamata mu tuna cewa Bashshar ya riga ya yi wa wazirin halifa zambo, saboda haka zargin zindiƙanci tun a wancan zamani ya zama sandar da ake dukan abokin gaba da ita. Amma masanin tarihi Mas'udi ya kawo cewa shi wannan Mahadi ne ya fara umartar malaman muhawara su wallafa littattafai na raddi. Ga alama ya gane cewa ana iya kashe mai tambaya, tambayar ta ci gaba da yawo a kasuwa.

A ƙarni na 9 sai musun ya taso daga cikin gida. Ibnu Rawandi, mutumin Khurasan, ya fara ne a matsayin ɗaya daga cikin haziƙan Mu'utazilawa, daga baya ya raba gari da su, ya juya makamansu a kansu. Ya rubuta littafi yana kare ra'ayin cewa duniya ba ta da farko, wato ba ta bukatar mai farar da ita. Ya rubuta wani yana cewa wanda yake ɗora wa bayinsa cuta da talauci, sa'annan ya yi musu azaba marar ƙarewa saboda laifi mai ƙarewa, ba za a kira shi mai hikima ba. A cikin Kitabuz Zumurrud kuwa annabci ya tunkara. Ya sa maganar a bakin Barahimawan Indiya, ya ce in abin da manzo ya zo da shi ya dace da hankali, to hankali ya wadatar, in kuwa ya saɓa masa, to ba a karɓarsa.

Bayansa sai Abubakar Razi, babban likitan da ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza, ya rasu a 925. Shi ne ya rubuta littafin da ya rarrabe agana da ƙyanda, kuma an fassara babban kundinsa Al-Hawi zuwa Latin a 1279. Razi bai musanta Mahalicci ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce Mai hikima ya ƙagi wannan duniya daga babu, da ganin damarsa, alhali a matsayinsa na likita yana ganin wahala ta rinjayi daɗi a cikinta. Don haka ya ce abubuwa biyar ne ba su da farko: Mahalicci, da rai, da sinadarin halitta, da wuri, da zamani. A bayaninsa, rai ne ya yi kwaɗayin haɗuwa da sinadari saboda jahilci, Mahalicci kuwa ya gyara haɗin gwargwadon yadda zai gyaru, ya kuma ba mutum hankali don ya sami hanyar kuɓuta. Mai karatu zai lura cewa tambayar mabiya Mani ce ta dawo a cikin sabuwar riga. Razi ya wanke Mahalicci daga sharri, amma kuɗin da ya biya shi ne ya ba shi abokan dawwama har huɗu.

To, yaya malaman Musulunci suka amsa? Mu'utazilawa suka ce Allah mai adalci ne, mutum shi yake ƙagar ayyukansa, saboda haka sharrin mutum na mutum ne. Game da ciwon yara da na dabbobi suka ce akwai diyya da za a biya su a lahira, wasunsu har suka ce wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi zama maslaha gare shi. A nan ne aka sami labarin nan da ake bayarwa tsakanin Abul Hasan Ash'ari da malaminsa Jubba'i a Basra. An ce ɗalibin ya tambaya game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu mumini, ɗaya kafiri, ɗaya kuma yana yaro. Yaron ya nemi darajar mumini, aka ce masa bai yi aikin da ya yi ba. Ya ce ai ba a bar shi ya girma ba. Malamin ya ce za a amsa masa cewa an san in ya girma zai kafirta, don haka ɗauke shi da wuri shi ne maslaharsa. Ɗalibin ya ce, to in kafirin ya ɗaga murya daga wuta ya ce shi me ya hana a ɗauke shi yana yaro fa? Malamin ya yi shiru.

Ash'ari ya bar Mu'utazilanci yana da kimanin shekara 40. Matsayin da ya tsaya a kai shi ne babu abin da yake wajibi a kan Allah, domin zalunci shi ne taɓa abin da ba naka ba, shi kuwa kome mulkinsa ne. Masu shakka ba su gamsu ba, kuma gaskiya ce mu faɗi dalilinsu. Sun ce in duk abin da aka yi sunansa adalci, to kalmar ba ta da sauran ma'ana. Shi ya sa tambayar ba ta mutu ba. Ta sake ɓulla a Turai a cikin littafin David Hume kan addini wanda aka buga a 1779, bayan rasuwarsa, kusan da kalmomin da aka yi ta a Basra.

Yanzu sai mu komo zauren da muka fara da shi. Littafin da aka daɗe ana karantar da tauhidi da shi a ƙasar Hausa, Ummul Barahin, na Shehu Muhammadu Sanusi ne na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma a kan tafarkin Ash'ari ya gina shi. In muka duba da idon tarihi za mu ga sawun mutanen nan a cikinsa. Hujjar cewa duniya fararriya ce amsa ce ga masu ra'ayi irin na Ibnu Rawandi da Razi. Hujjar kaɗaitaka, wadda take nuna cewa masu iko biyu ba sa haɗuwa ba tare da ɗayansu ya gaza ba, an wasa ta ne a kan masu cewa asali biyu ne. Siffa ɗayar nan da ta halatta, wato aikata duk mai yiwuwa ko barinsa, ita ce ƙarshen labarin 'yan'uwa uku. Ashe ke nan almajirin da ke biya karatunsa a Kano ko Damagaram yana maimaita rabin wata muhawara ce da aka yi fiye da shekara 1000 da suka wuce, ɗaya rabin kuwa ba a gaya masa ba.

Wani abin mamaki shi ne yadda ɗaya rabin ya iso gare mu. Littattafan Ibnu Rawandi duk sun ɓace, haka ma mafi yawan abin da Razi ya rubuta kan ilahiyya. Abokan hamayyarsu ne suka adana su. Khayyaɗ Bamu'utazile ya kwafi maganar Ibnu Rawandi gaɓa-gaɓa a cikin Kitabul Intisar don ya rushe ta, aka buga littafin a Alƙahira a 1925. Guntayen Zumurrud sun tsira a cikin majalisun Mu'ayyad Shirazi. Muhawarar Razi kan annabci kuwa Abu Hatim Razi, wanda ya yi ta da shi ido da ido, shi ya rubuta ta a cikin A'alamun Nubuwwa. Wannan yana nufin mu yi hattara, domin muna jin maganar mutum ne daga bakin wanda ya ja da shi. Amma yana kuma nuna mana wata ɗabi'a ta malaman da: ba sa jin tsoron su kawo hujjar abokin musu a cike kafin su amsa ta.

Wannan ɗabi'a ita ce muke ganin ta yi ƙaranci. A shekarar 2013 wasu masu ɗauke da makamai a Siriya suka sare kan mutum-mutumin Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin da ya shahara da shakka, alhali shi mutumin ya rasu ne a kan shimfiɗarsa a 1057, ɗalibai suna zuwa ɗaukar karatu a ƙofarsa, ba wanda ya taɓa shi. A nan gida ma muna da abin koyi, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce yana tsawatar wa ɗaliban da suke kafirta talakawa don kawai ba su iya jero hujjojin ilmin kalam ba.

Saboda haka, ranar da wani matashi ya zo mana da tambayar kunama da kukan jariri, wadda ya tsinto a littafi ko a intanet ko a bakin gadon asibiti, kada mu ɗauka baƙuwa ce. An yi ta a Basra, an yi ta a Rayyu, manyan malamai sun zauna sun saurare ta, sun rubuta ta da hannunsu, sa'annan suka amsa gwargwadon iyawarsu. Mu marubuta, abin da ya rataya a wuyanmu shi ne mu san tambayar kamar yadda muka san amsar. Allah ya ba mu ilmi mai amfani.