Yadda Aka Fara Jera Zanen Alƙaluma Gefe da Gefe

Tun kafin kwamfuta ake jera ƙananan zane-zanen alƙaluma a shafi guda. Francis Walker ya yi haka a kundin ƙidayar Amurka da ya fitar a 1874, kuma Edward Tufte ya yayata salon a littafinsa na 1983. Amma abin da ya nuna wa duniya amfaninsa daga gona ya fito.

A 1931 da 1932 an gwada irin sha'ir goma a tashoshin noma shida na jihar Minesota. Alƙaluman sun shekara kusan sittin a hannun masana, har da mashahurin nan Ronald Fisher. Da William Cleveland na Bell Labs ya ba kowace tasha nata ɗan zanen a 1993, ya jera su shida bisa ma'auni ɗaya, sai abu ya fito ƙiri-ƙiri: tashoshi biyar sun fi samun amfani a 1931, ta Morris kaɗai ta saɓa. Ya ce da alama wajen rubutu aka musanya shekarun. Wasu sun ja da shi daga baya, sai dai kafin wannan jeri ba a ma san da abin ja ba. Shi da Richard Becker suka mayar da dabarar manhaja mai suna Trellis.

Sauran labarin gajere ne. A 2003 John Hunter, mai nazarin ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya, ya fitar da manhajar zane ta Matplotlib, sannan ggplot2 ta Hadley Wickham ta biyo baya.

Yau ɗalibi daga garin Kaikai na jihar Katsina da ya iya harshen kwamfuta na Python zai raba taga ɗaya gida 36 da layi guda na umarni, ya zuba ruwan damina na ƙananan hukumomin Katsina 34, gida biyu su zauna wayam. Gizo dai wajen ma'auni yake saƙa. In ya bar kowane gida ya zaɓi nasa, daminar Daura za ta yi kafaɗa da ta Funtuwa, alhali kowane manomi ya san kudu ta fi ruwa. In kuma ya bi jerin haruffa, Katsina da Kurfi za su shiga tsakanin Kankiya da Kusada, maƙwabtan da ya fi son kwatantawa. Cleveland bai yarda da jerin haruffa ba. Gonakinsa bisa yawan amfaninsu ya tsara su.