Ambaliya a Nima da Maamobi: abin da ya kamata kowane gida ya sani

Babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi tana zuba ruwanta ne cikin kogin Odaw, shi kuma ya wuce tafkin Korle ya faɗa teku. Duk shara da muka jefa a lungunmu wannan hanya take bi, in ta toshe sai ruwa ya dawo mana gida.

Damina a Ankara kashi biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Watan Yuni ne ya fi haɗari. Masana sun ce ɗumamar duniya tana sa iska ta ɗauki danshi mai yawa, shi ya sa ake samun ruwa mai ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ga siminti ya rufe ƙasa, ruwan bai da inda zai nutse.

Ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID na gyaran magudanan Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da shirin ya shafa. Amma yashe babbar kwata ba zai isa ba in ƙananan na ƙofar gidajenmu suna cike.

Abin da ke hannunmu:

1. Aikin gayya. Kowane lungu ya yashe kwatarsa kafin Afrilu, a kwashe abin da aka fitar ranar nan, kada ruwa ya mayar da shi.

2. Rage leda. Mu je kasuwa da kwando, mu karɓi waakye a ganye ko a kwanonmu kamar yadda iyayenmu ke yi. Ledar ruwan sha a tara ta, akwai masu saye.

3. Tara ruwan sama a randa ko durom mai murfi. Kuɗin ruwa ya ragu, sauro kuma bai samu wurin ƙwai ba.

4. Sanin maƙwabta. Mu san gidan da akwai tsoho, mai ciki ko marar lafiya, da saurayin da zai ɗauke shi in ruwa ya taso.

5. Susu na unguwa, don wanda ɗakinsa ya rushe.

In hadari ya haɗu, mu saurari sanarwar hukumar yanayi, mu kashe wuta daga mita, mu sa takardu da magani a sama. Kada a tsallaka ruwa mai gudu. Lambar gaggawa ita ce 112, NADMO kuma ita ce hukumar agaji.

Muna roƙon limamai da sarakunan zango su tunatar da jama'a bayan sallar Juma'a. Allah ya kare mu.