Dokar Yamai da Buhun Waken Tibiri

A tsakiyar watan Oktoban 2024, daidai lokacin da manoman yankin Arewa na Nijar ke roron wake, gwamnatin Nijar ta haramta fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wanda aka kama ya karya dokar za a ƙwace kayansa, kuma yana iya gurfana gaban shari'a. Dalilin da aka bayar ba na banza ba ne. Damunar shekarar ta zo da ambaliya mai muni, mutane ba su gama farfaɗowa daga takunkumin CEDEAO ba, sannan farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi a Najeriya, abin da ke janyo hatsi ya tsallaka iyaka. Duk gwamnatin da ta ga haka dole hankalinta ya tashi.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, a jerin dokokin da aka yi ta fitarwa tun daga juyin mulkin Yulin 2023, akwai mataki guda da ya ɓace, wato lokacin da doka take matsayin shawara, a sanar da ita, waɗanda za ta shafa su faɗi albarkacin bakinsu kafin a sa mata hannu. Rashin wannan mataki ya fi cutar da wurare irin su Tibiri, inda rayuwa ta rataya a kan iyaka, kuma dokar wake ita ce ta fi bayyana hakan.

Gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a 2011, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gecheme da Kore Mairuwa. Dallol Mawri ya ratsa ta, gabashinta kuma jihar Kebbi ce. A nan gero shi ne abincin gida, shi ake zubawa a rumbu, ba a taɓa shi sai dole. Wake kuwa kuɗi ne. Ana shuka shi a tsakanin kunyoyin gero, a sayar da ƙwayar, a ɗaure harawar don dabbobi. Da kuɗin wake ake biyan bashin da aka ci a tsakiyar damina, a sayi littattafan 'yan makaranta da suka koma aji a watan Oktoba, a yi suturar iyali, a kuma sayi ƙarin gero ko masara idan rumbu bai cika ba. Nijar na cikin manyan masu noman wake a duniya, tana bin bayan Najeriya, kuma tun da daɗewa babban rabon abin da take nomawa Najeriya yake tafiya. Saboda haka sanya wake a layi ɗaya da gero a cikin takardar haramci, ko da yake ya yi daidai a idon mai rubutu a ofis, a gona abubuwa biyu ne masu aiki dabam. Hana fitar da gero yana iya tsare abincin manomi. Hana fitar da wake yana rage kuɗin da zai sayi abincin da shi.

A duba yadda abin ke gudana ranar kasuwa. Mace ta taho da tiya biyar ko shida na wake a ƙwarya, magidanci ya ɗoro buhu biyu a amalanke. Masu awo na zaune a bakin kasuwa, suna saye wa wani babban ɗan kasuwa da ba ya ma wurin. Farashin da mai awo zai faɗa ya dogara ne ga inda uban gidansa zai kai kayan. Idan hanyar Bachaka da Kangiwa da Kamba a buɗe take, masu saye suna da yawa, suna takara, tiya ta yi daraja. Idan an rufe, sai masu saye su ragu, wanda ya rage kuma ya san cewa mai wake ba shi da zaɓi. Ga shi wake ba ya jiran mutum: ƙwaro na shiga shi cikin 'yan makonni in ba a zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku ko a durom mai murfi ba. Talaka ba shi da halin ajiya, ga mai bashi a ƙofar gida. Mai jari shi ne zai saya da araha a kaka, ya adana, ya jira bazara ko ya jira ranar da za a sassauta. Ribar da dokar ta cire daga hannun manomi ba lallai ba ne ta isa tukunyar mai saye a Yamai. Tana iya tsayawa a sito.

An bar ƙofar Mali da Burkina a buɗe, don girmama ƙawancen AES da ya haɗa Nijar da su. Sai dai daga Dumega zuwa Najeriya tafiyar babur ce, zuwa iyakar Burkina kuwa sai an ƙetare Dosso da Yamai, a shiga yankin Tillaberi mai fama da rashin tsaro, a kai wake ƙasar da ita ma tana nomansa da yawa. Wannan rangwame bai amfani mutumin Arewa da komai ba. Iyakar kuma ba katanga ba ce, gonaki ne da ƙauyukan dangi, masu auratayya da juna tun kafin Faransa da Ingila su ja layinsu. Idan aka toshe hanyar duwan, kaya kan koma hanyar daji da dare, a buhu ɗai-ɗai a bayan babur. Gwamnati ta rasa kuɗin fito, ɗan fasa-ƙwauri ya cire ladan kasadarsa daga farashin manomi. Mun ga irin haka daga ɗaya ɓangaren lokacin da Shugaba Buhari ya rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mu 'yan Nijar ma mun ɗanɗani ɗacin wannan siyasa a 2005, lokacin da maƙwabta suka taƙaita fitar da hatsinsu muna tsakiyar yunwa.

A watan Mayun 2025, saura kimanin wata guda Babbar Sallah, ma'aikatar kasuwanci ta hana fitar da dabbobi, don rago ya wadata ya yi sauƙi a cikin gida. Nan ma niyyar a fili take, kuma mai albashi a birni ya ji daɗi. To amma wa ke da ragon? A ƙauyukan Gecheme da Tibiri, sau da yawa na mace ne. Ta saye shi ɗan ƙarami bayan kaka, wani lokaci da kuɗin adashi, ta ɗaure shi a turke wata shida tana ba shi dusa da harawa da ruwan tsari, tana lissafin kasuwar Fadama ta makon Sallah, lokacin da fatake masu kai dabbobi kudu suke zuwa. Da ta san da dokar tun watan Nuwamba, da ta yi wani lissafin. An sanar da ita ne bayan ta riga ta zuba jarinta gaba ɗaya a cikin cikin ragon.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk dokokin wannan zamani ne suka zo da nauyi ba. A Yulin 2024 an rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Daga farkon Satumban shekarar an zabtare rabin kuɗin magani a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta. An rage kuɗin siminti bayan ambaliya. Mutanen karkara sun yi maraba da waɗannan, kuma sun cancanci yabo. Amma su ma ta hanya ɗaya suka zo da harajin sefa 10 da aka ɗora a kan kiran waya don asusun ceton ƙasa, da gyaran dokar laifukan intanet na Yunin 2024 wanda ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna: a yi taron ministoci, a karanta sanarwa da dare a Télé Sahel, gari ya waye da sabuwar doka. Mai daɗi da marar daɗi, duk daga sama suke saukowa a gama.

Dalilin haka yana cikin tsarin mulkin kansa. Tun ranar 26 ga Yulin 2023 aka jingine kundin tsarin mulki, majalisar dokoki ta watse, ikon yin doka ya koma hannun shugaban majalisar soja ta CNSP, Janar Abdourahamane Tiani. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, waɗanda aka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa kantomomi. Ba na cewa kansilolin nan waliyyai ne. An san ƙorafin da ake yi kan filaye da kuɗin kasuwa. Amma kansila ɗan ƙauye ne, ana samunsa a wurin suna da jana'iza, ana iya tare shi a faɗa masa magana, shi kuma ya san zai dawo neman ƙuri'a. Kantoma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi. A 2005, da dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ƙarƙashin Nouhou Arzika ya tsayar da birane cik, gwamnatin Tandja ta janye wani sashe. Wato akwai hanyar da kuka ke komawa sama. Yau jam'iyyu a rushe suke tun Maris 2025, majalisar tuntuɓa da aka ƙaddamar a Yunin 2025 kuwa naɗaɗɗiya ce, ikonta bai wuce ba da shawara ba.

A wasu ƙasashe an mai da wannan mataki wajibi. A Amurka, dokar 1946 kan ayyukan hukumomi ta tilasta wa ma'aikatun tarayya buga ƙudurin ƙa'ida a jaridar gwamnati, a ba jama'a wa'adi, galibi kwana 30 zuwa 60, su rubuto ra'ayi, hukumar kuma ta amsa manyan hujjojin kafin ta zartar. Tsarin yana da nasa aibi, don manyan kamfanoni masu lauyoyi sun fi kowa cin moriyarsa. Ba ma sai mun je nesa ba. Dokar karkara ta Nijar ta 2 ga Maris 1993 ta fito ne bayan shekaru ana tuntuɓar manoma da makiyaya da sarakuna, ita ce ta haifar da kwamitocin filaye da har yanzu ake kai musu rikicin gona da burtali. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 kuwa gwamnatin soja ce, ta Salou Djibo, ta sa mata hannu, bayan doguwar muhawara da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. Ke nan kakin soja bai hana a saurari mutane ba. Dokokin nan biyu suna cikin waɗanda suka fi daɗewa suna aiki a karkara, ina kuma ganin dalilin shi ne waɗanda za su bi su sun san da su tun suna ɗanyu.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi. Za a ce idan aka sanar cewa nan da wata guda za a hana fitar da hatsi, 'yan kasuwa za su kwashe komai su tsallaka da shi kafin ranar. Gaskiya ne, kuma akwai matakan tsaro da na gaggawa da ba a shelarsu tun da wuri. Amma wannan ya shafi ranar fara aiki ne kawai. Ana iya tattauna ƙa'idar tun da rani, kafin a yi shuka: a wane farashi ne za a rufe ƙofa, waɗanne amfanin gona ne abin zai shafa, wata nawa zai ɗauka, kuma idan an rufe, nawa hukumar ajiyar abinci ta OPVN za ta saya a hannun manomi, a wane farashi, a wace kasuwa. Ƙasar na da hukumar da ke bin farashin kasuwanni mako-mako, tana da majalisun manoma a ƙarƙashin RECA a kowace jiha. Kayan aikin suna nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da an tambayi kowane mai awo a Kore Mairuwa, da ya bambanta wake da gero cikin jimla ɗaya.

Sai batun harshe, wanda a ganina shi ne dama mafi girma da gwamnatin ta buɗa wa kanta. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A Tibiri, inda Hausa ce harshen gida da kasuwa da fada, wannan ayar ba za ta zama komai ba muddin doka tana isowa a takardar Faransanci da sai jandarma ko ɗan duwan ne zai fassara wa mutum ita a bakin shinge, bayan ya riga ya sauke masa kaya. Wanda ke riƙe da fassarar doka shi kaɗai, ya riƙe abin da ya fi dokar. Manomi ba ya sanin ko buhu ɗaya da zai kai wa surukinsa a ƙetare ya shiga haramcin, ko akwai adadin da aka yafe, ko akwai ranar ƙarewa.

Abin da ya kamata a yi ba mai tsada ba ne. Duk ƙudurin da ya shafi noma, kiwo, kasuwa ko haraji a fitar da shi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa kafin a zartar, a karanta shi a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara. A ɗora wa kantoma da farfe nauyin kiran taro ranar kasuwa, tare da fadar Samna, sarkin Tibiri, da masu garuruwa da ƙungiyoyin mata masu kiwo, a rubuta abin da aka faɗa a aika Dosso da Yamai. Kowace dokar haramci kuma a rubuta mata wa'adi a jikinta, ta faɗi da kanta idan ba a sabunta ta da hujja ba. Manomin Dumega yana yanke shawarar yawan waken da zai shuka ne a watan Yuni, da saukar ruwan farko, saboda haka duk abin da gwamnati ke nufin yi da kasuwar kaka, kafin Yuni ya kamata ya ji shi.