Garuruwan da Suka Koma Cikin Littafi

Sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a Turai, a watan Mayu na 1945, an riga an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Kafin yaƙin, ƙasar Polan kaɗai tana da Yahudawa wajen miliyan 3.3, kuma cikin kowane goma, tara ba su kai labari ba. Hatta waɗanda aka tarar da sauran numfashi a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi, da yawansu ba su ci moriyar kuɓutar ba. A Bergen-Belsen, inda sojojin Birtaniya suka shiga ranar 15 ga Afrilu, an iske mutum kusan 60,000 a raye da gawawwaki wajen 13,000 yashe a ƙasa, kuma a makonnin da suka biyo baya fiye da mutum 10,000 suka ƙara cikawa saboda yunwa da cutar taifus.

Duk wanda ya iya miƙewa, bayan abinci, labarin nasa ya fara nema. Bangon sansanoni ya cika da takardu: wane ɗan wane daga gari kaza yana raye, yana cigiyar matarsa da ƙannensa. Wani malamin addinin Yahudu da ke aiki da sojan Amurka, Abraham Klausner, ya bi sansanonin Bavaria yana tattara sunayen masu rai, ya buga su littafi-littafi tun cikin 1945. Mutane kan yi tafiyar kwanaki, a ƙasa ko a bayan mota, don kawai an ce an ga mai irin sunan ɗan'uwansu a wani wuri. Mafi yawa sukan dawo hannu rabbana.

Da farko an gwama su da sauran 'yan gudun hijira bisa ƙasar da kowa ya fito, har wani kan kwana ɗaki ɗaya da wanda jiya ya taimaka wa 'yan Nazi. Sai da Earl Harrison, wakilin Shugaba Truman, ya zagaya ya kai rahoto a watan Agusta na 1945, sannan aka ware wa Yahudawa sansanoninsu, irin su Feldafing da Landsberg da Föhrenwald. Waɗanda suka koma gida Polan kuwa sun tarar da wasu a cikin gidajensu, kuma ba a yi murna da ganinsu ba. Ranar 4 ga Yuli, 1946, aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce, shekara guda bayan an ce yaƙi ya ƙare. Daga nan dubbai suka sake ɗaure kaya suka nufi yamma. Zuwa 1947, Yahudawan da ke zaman jiran tsammani a sansanonin Jamus da Ostiriya da Italiya sun kai kusan 250,000.

A cikin wannan zaman wucin gadi, a ƙasar da aka shirya hallaka su, suka sake ɗinke rayuwa da gaggawar da ta ba ma'aikatan agaji mamaki. Sun zaɓi shugabanni: Zalman Grinberg, likita daga Kovno, a Munich, da Josef Rosensaft a Bergen-Belsen. Sun buɗe makarantu da kotunan sasanci da ƙungiyoyin ƙwallo. Aure kuwa kusan kullum ana ɗaura shi, sau da yawa tsakanin mutum biyu da kowannensu ya rasa iyali sukutum. Wannan ya jawo wa malamansu babbar matsalar shari'a, domin a addininsu macen da ba a tabbatar da mutuwar mijinta ba, ba ta da ikon sake aure. Ina za a samo shaidar mutuwar wanda aka sauke daga jirgin ƙasa a sansanin kisa na Treblinka aka ƙone gawarsa a ranar? Dole suka zauna suna sauraron shaidu ɗaya bayan ɗaya, suna bin sawun kowane jirgi da kowace rana, kafin su yanke hukunci.

Akwai wata rigar amarya da ke ajiye yau a gidan tarihin kisan ƙare dangi na Washington. A farkon 1946 wani ango ya ba da kofi da taba sigari ya karɓi lemar saukowa daga jirgin sama a hannun wani tsohon sojan saman Jamus, aka ɗinka wa amaryarsa farar riga da ita, aka ɗaura aurensu a garin Celle, kusa da Bergen-Belsen. Bayan biki rigar ba ta shiga akwati ba. An yi ta rage ta ana ƙara ta, amarya bayan amarya, har fiye da goma sha biyar suka shiga ɗakin aure da ita. A sansanin 'yan gudun hijira na Bergen-Belsen, kafin a rufe shi a 1950, an haifi jarirai kimanin 2,000.

Rubutu ma bai jira ba. Jaridar harshen Yidish ta Bergen-Belsen da hannu aka rubuta fitowarta ta farko. Ta Landsberg kuwa da baƙaƙen boko aka fara buga ta, saboda ba a sami haruffan Ibrananci na ɗab'i ba a Jamus ta lokacin. A Munich, Israel Kaplan da Moshe Feigenbaum suka jagoranci wata hukumar tarihi da ta bi sansanoni tana ɗaukar bayanan waɗanda suka tsira, har ta tara fiye da 2,500, haɗe da waƙoƙi da karin maganar da aka ƙirƙira cikin ƙunci. Takwararta ta Polan ta fara aiki a Lublin tun 1944, ana tsakiyar yaƙi. A Satumba na 1946 aka tono, daga ƙarƙashin kufan unguwar da aka killace Yahudawan Warsaw, akwatunan ƙarfe 10 cike da takardun da masanin tarihi Emanuel Ringelblum da abokan aikinsa suka binne kafin a kashe su. Kashi na biyu ya fito a Disamba na 1950, cikin garewanin madara guda biyu. Mutum uku kacal suka rayu cikin masu wannan aiki, kuma ɗayansu, Hersh Wasser, shi ya nuna inda za a haƙa.

Daga 1948 sansanonin suka fara watsewa. Mafi yawa sun tafi sabuwar ƙasar Isra'ila, dubbai kuma Amurka, saura Kanada da Ostireliya da Kudancin Amurka. Föhrenwald ce ta ƙarshe, ita sai 1957 aka rufe ta.

Duk inda suka sauka, mutanen garinsu suka nema. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa New York suke da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda suke kira landsmanshaft, kusan yadda mutanenmu mazauna Legas ko Kumasi kan kafa ƙungiyar zumunta ta 'yan asalin garinsu. Aikinsu a da shi ne rance ga sabon zuwa, kuɗin likita, fili a maƙabarta, da aike gida. Bayan 1945 babu gidan da za a yi wa aike, sai aikin ya koma na makoki.

A al'adar Yahudu, kowace shekara idan ranar rasuwar mahaifi ko mahaifiya ta zagayo, akan kunna kyandir a karanta addu'ar Kaddish cikin jam'in aƙalla maza goma, a ziyarci kabari. Waɗannan mutane ba su da ranar, ba su da kabarin. Sai kowace ƙungiya ta ɗauki ranar da aka kwashe mutanen garinta, ko ranar da aka harbe su a bakin rami, ta mai da ita ranar rasuwar kowa da kowa. A ranar sukan kama zaure a Tel Aviv ko New York ko Buenos Aires, su kunna kyandir shida, mai addu'a ya rera, a yi kuka, sannan a zauna shan shayi ana tambayar wa ya yi aure, wa ya sami jika. Sun kafa duwatsun tunawa a maƙabartu, irin ta Holon a Isra'ila da ta Bagneux a Faris, kowane dutse da sunan gari a maimakon sunan mutum, wasu har da tokar da aka ɗebo daga sansanonin kisa binne a ƙarƙashi. Majalisar manyan malaman Isra'ila ta kuma ware ranar 10 ga watan Tevet na kalandarsu domin addu'a ga duk wanda ba a san ranar mutuwarsa ba.

Babban abin da waɗannan ƙungiyoyi suka bari shi ne littattafan tunawa, waɗanda ake kira Yizkor. Na birnin Lodz ya fito a New York tun 1943, ana cikin kisan. Yawancinsu an buga su ne daga shekarun 1950 zuwa na 1970, kuma jimillarsu ta kai wajen dubu. Kwamitin 'yan gari ne ke aika wasiƙu zuwa nahiyoyi huɗu yana roƙon rubutu da hotuna da gudummawar kuɗi, wani lokaci a shafe shekara goma kafin a kammala, a buga 'yan ɗaruruwa a raba a tsakanin juna. Marubutan teloli ne da kafintoci da malaman makaranta da matan gida.

Idan ka buɗe ɗaya, sau da yawa taswira za ka fara gani, wadda wani ya zana da hannu daga abin da ya riƙe a ka: ga kasuwa, ga majami'a, ga gidan wanka, ga rijiya, ga layin maƙera, wani zubin har da sunan mai kowane gida. Sai tarihin garin tun kafuwarsa. Sai labarin malamai da attajirai, amma kuma da na mai ga-ruwa, da ungozoma, da mahaukacin gari, da jerin sunayen tsokana da aka laƙaba wa mutane. Akwai rigimar masu riƙon addini da 'yan gurguzu da masu son komawa Falasɗinu, ga hoton 'yan makaranta an jera su sahu uku, a ƙasa an rubuta wanda ya rayu, sau da yawa ɗaya ko biyu. Sai a wajen ƙarshe labarin halaka yake zuwa, daga bakin waɗanda suka gani. Bayansa shafuka masu baƙin layi a gefe, cike da sunaye gida-gida: wane, da matarsa, da 'ya'yansu huɗu. Inda aka manta sunan yaro, sai a rubuta "da ɗansu" kawai.

Masana tarihi sun daɗe suna yi wa waɗannan littattafai kallon hadarin kaji, wai akwai kuskuren kwanan wata da ƙawata abin da ya wuce. Akwai su kam. Amma takardun 'yan Nazi adadi suka ajiye, na jirage nawa da mutum nawa, kuma wanda yake son sanin su wane ne mutanen, a ɗaruruwan ƙananan garuruwa ba shi da wata madogara sai waɗannan. Haka nan maganar da aka saba yi, cewa waɗanda suka tsira sun yi gum har sai da aka yi shari'ar jami'in Nazi Adolf Eichmann a Kudus a 1961, ba ta yi musu adalci ba. A Buenos Aires kaɗai an buga jerin littattafan Yidish 175 kan Yahudawan Polan tsakanin 1946 da 1966, kuma a cikinsu ne labarin marubuci Elie Wiesel ya fara fitowa a 1956. Sun yi magana tun ranar farko, da harshensu, a tsakaninsu. Na waje ne ba su kasa kunne ba.

Mai karatu zai tuna cewa yaƙin 1948, wanda ya buɗe wa da yawa daga cikinsu ƙofar Isra'ila, shi ne ya raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da muhallinsu. Su ma daga baya sun rubuta littattafan ƙauyukansu da aka rushe, fiye da ɗari, da taswirar hannu da sunayen gidaje da rijiyoyi da gonaki. Musabbabin rashin ya bambanta, kuma kowanne yana da tarihinsa da ya cancanci a ba shi filinsa, amma hanyar da mai rashi ya bi don kada garinsa ya ɓace ta zo ɗaya.

Hukumomi sun biyo baya. An kafa cibiyar tunawa ta Yad Vashem a Kudus da doka a 1953, kuma sunayen waɗanda aka kashe da ta tattara sun kai wajen miliyan 5. A 1979 aka fara ɗaukar bayanan waɗanda suka tsira a bidiyo a New Haven, sannan gidauniyar da Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta ɗauki kusan 52,000.

'Ya'yan da aka haifa bayan yaƙi sun taso ba kaka ba goggo ba kawu, kuma kusan kowannensu yana ɗauke da sunan wani da aka kashe, domin Yahudawan gabashin Turai sunan mamaci suke mayarwa. A wasu gidaje ba a taɓa ɗaga zancen ba, a wasu kuwa kullum shi ne abin hira a kan tebur. Littafin da Helen Epstein ta rubuta a kansu a 1979 ya sa da yawansu suka gane ba su kaɗai ba ne, kuma bayan babban taron waɗanda suka tsira a Kudus a 1981 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, ƙarƙashin Menachem Rosensaft, ɗaya daga cikin jariran Bergen-Belsen.

Yaffa Eliach tana ƙaramar yarinya aka harbe Yahudawan garinsu Eishyshok, a Lituwaniya ta yau, kimanin 3,500 cikin kwana biyu a Satumba na 1941. Kakanninta su ne masu ɗaukar hoto na garin. Da ta girma ta zama farfesa a New York, sai ta shafe shekara da shekaru tana bin gidajen 'yan garin da suka yi ƙaura kafin yaƙi, tana roƙon hotunan da aka taɓa aiko musu. Fiye da dubu daga ciki suna jere a wata hasumiya mai hawa uku a gidan tarihin Washington, wanda aka buɗe a 1993: bukukuwan aure, yara a kan ƙanƙara, 'yan mata a bakin rafi.

A farkon 2024 an ƙiyasta waɗanda suka tsira da ke raye da kimanin 245,000, kusan rabinsu a Isra'ila, mafi yawansu yara ne a lokacin yaƙin. Tsofaffin ƙungiyoyin 'yan gari galibi sun rufe, wasu sun miƙa kundayensu ga cibiyar YIVO a New York. Jikoki da yawa sun gaji littafin garinsu a kan kanta amma ba sa iya karanta Yidish ko Ibrananci. Tun tsakiyar shekarun 1990, ta hanyar shafin JewishGen, zuriyar kowane gari ke haɗa kuɗi su ɗauki mai fassara, babi bayan babi, kuma ɗakin karatu na birnin New York ya ɗora hotunan shafukan littattafai fiye da 600 a intanet. Da yawa har yanzu rabi aka fassara, kuma abin da aka fi farawa da shi shi ne jerin sunayen da ke ƙarshe, domin shi jikokin suka fi tambaya.