Hotuna miliyan ɗaya na Ɗakin Karatun Birtaniya: abin da ya kamata a sani

A watan Disamba na 2013, Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan ya ɗora hotuna sama da miliyan ɗaya a shafin Flickr, ya bai wa kowa damar saukewa da sarrafa su kyauta. An ciro su daga littattafai kimanin 65,000 na ƙarni na 17 zuwa na 19, waɗanda kamfanin Microsoft ya ɗauki hoton shafukansu. Akwai taswirori, zanen tsirrai da dabbobi, hotunan birane da ƙawatattun haruffa.

Abin da ya sa aka iya sakin su shi ne wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare. A dokar Birtaniya, wannan haƙƙi yakan faɗi shekara 70 bayan rasuwar mai aikin.

Masu fasaha ba su yi jinkiri ba. Wani mai zane Ba'amurke, David Normal, ya harhaɗa ɗaruruwan hotunan ya yi manyan alluna masu haske, ya baje su a bikin Burning Man na 2014, sannan aka kafa su a harabar ɗakin karatun a 2015. Masu aikin sa-kai kuma sun zaƙulo dubban taswirori, suka daidaita su da taswirar duniya ta yau.

Sai dai akwai hattara. Kwamfuta ce ta yanko hotunan, don haka da yawa ba su da bayani sai sunan littafi da shekarar bugawa. Zane-zanen mutanen Afirka da Asiya kuwa suna ɗauke da kallon matafiya Turawa na wancan zamani. Kafin a ɗauki hoto, ya kamata a koma littafin da ya fito a ga wanda ya zana shi da manufarsa.